Zauren Tambaya da Amsa: Ango, Amarya da Kuɗin Fansa

Wasiƙun wannan wata kusan duk a kan aure suke. Ba mamaki, kaka ta yi, hatsi ya shiga rumbu, bukukuwa sun kankama tun daga Tsibiri har Madarunfa. Mun zaɓi shida. Kamar kullum mun cire sunaye, mun bar unguwa ko gari. Ayoyin da muka kawo ma'anarsu muka faɗa da bakinmu, kowa ya buɗe Littafinsa ya duba.

Wani saurayi daga unguwar Zariya: "Saura wata biyu a ɗaura mini aure. A darasin shirin aure pasto ya ce aurenmu hoto ne na Almasihu da ikkilisiya. Na gyaɗa kai, amma gaskiya ban gane ba. Me ya haɗa zaman miji da mata da gicciye?"

Ɗanmu, Allah ya sa albarka, ya nuna mana ranar. Gara da ka tambaya, don da yawa da wannan aya aka ɗaura musu aure, har suka yi furfura ba su sake waiwayarta ba.

Maganar tana Afisawa 5:31-32. Bulus ya ɗauko Farawa 2:24, inda aka ce mutum zai bar mahaifinsa da mahaifiyarsa ya manne wa matarsa su zama jiki ɗaya, sai ya ce wannan babban asiri ne, shi kuwa Almasihu da ikkilisiya yake nufi. Asiri a nan ba irin na boka ba ne. A bakin Bulus, asiri shi ne abin da Allah ya rufe a dā, yanzu ya buɗe. Wato ba Allah ne ya ga mutane suna aure sannan ya ari misalin ba. Tun farko ya yanka aure ne bisa awon abin da Ɗansa zai yi, kamar yadda tela ke yanka yadi bisa awon mai riga.

Annabawa sun riga Bulus faɗa. Ishaya 54:5 ta haɗa suna biyu a aya guda: Mahaliccinki shi ne mijinki, Mai Tsarki na Isra'ila shi ne Mai Fansarki. Fansa kuwa tana da ƙa'ida a Littafin Firistoci 25: idan talauci ya sa mutum ya sayar da gonarsa ko ya sayar da kansa, dangi mafi kusa ne ke biya ya karɓo shi. A Rut 4 aka ga yadda ake yi. Bo'aza ya zauna a ƙofar gari da dattawa goma. Akwai wanda ya fi shi kusanci, ya ce zai fanshi gonar, amma da ya ji sai ya haɗa da Rut, gwauruwa kuma baƙuwa daga Mowab, ya janye don kada gādonsa ya taɓu, ya tuɓe takalminsa ya miƙa. Bo'aza ya ɗauki gonar da matar da nauyinsu duka. Daga wannan gida Dawuda ya fito, daga nan kuma Yesu.

Yanzu dubi bikin da za a yi maka. A wajenmu mata ne ke wankan amarya, ango ko kusa ba ya zuwa. A Afisawa 5:26-27 Angon ne da kansa ya wanke amaryarsa, don ya tsayar da ita a gabansa ba tabo ba tamoji. Kai ne za ka kai lefe, da tufar da ka saya za ta fito. Wahayin Yahaya 19:7-8, wanda tsofaffinmu masu fassarar 1932 suka sani da Ru'ya ta Yohanna, ta ce ba wa amaryar Ɗan Ragon lilin mai haske aka yi ta sa. A 2 Korantiyawa 11:2 Bulus ya ce ya yi wa ikkilisiya baiko ga miji ɗaya, Wahayi 21:2 kuma ita ce ranar kai amarya. Yau ikkilisiya tana inda budurwarka take: an ba da ita, ba a kai ta ba tukuna.

Akwai inda hoton ya sha bamban da naka, kuma nan ne zuciyar maganar. Kai ka duba ka zaɓa. Ezekiyel 16 kuwa ta kwatanta wadda Allah ya aura da jaririyar da aka yar a fili, ba a yanke mata cibiya ba, ba a wanke ta ba. Romawa 5:8 ta ce tun muna masu zunubi Almasihu ya mutu dominmu. Ba kyanta ne ya jawo ƙaunarsa ba, ƙaunarsa ce ta ba ta kyau. Kada kuma ka manta hoton katin ɗan ƙasa ba shi ne mutumin ba. Kai ba mai ceton matarka ba ne. Mai zunubi ne kai kamar ita, a gaban Almasihu ku biyun cikin amarya kuke.

A aikace ga inda za ka fara. Namiji aka ce ya bar iyayensa. Ko a gidan gandu za ku zauna, maganar ɗakinka kada ta isa kunnen mahaifiyarka kafin ka gama ta da matarka, kada kuma ka bari ƙannenka su mai da ita baiwar gida. Ta san abin da ke shigo maka da bashin da ke kanka tun kafin ranar, don jiki ɗaya ba ya ɓoye wa kansa aljihu. Idan kun saɓa, zo mu zauna zo mu saɓa ne, kai za ka fara neman sulhu kafin rana ta faɗi (Afisawa 4:26), ko da kana ganin kai ke da gaskiya. Almasihu ba shi da laifi ko ɗaya, shi ne kuwa ya fara takowa.

Wani uba daga Jiratawa: "Ƴata za ta yi aure. Matasan ikkilisiyarmu suna cewa sadaki ciniki ne, bai kamata Kirista ya karɓa ba tun da Almasihu ya riga ya biya. Dangi kuma sun ce in yanka jikka 400 kada a raina mu. Wanne zan bi?"

Baba, muna gaishe ku. Duk biyun kowa ya riƙe rabin magana.

Littafi bai hana sadaki ba. Baran Ibrahim ya ba Rifkatu da danginta kyautai (Farawa 24:53), Fitowa 22:16-17 ta ambaci sadakin budurwa, Yakubu ya yi bautar shekara bakwai saboda Rahila. Sai dai Sabon Alkawari bai yanka adadi ba, bai kuma ce da shi aure ke tsayuwa ba. Jinin Almasihu zunubi ya biya, ba sadakin kowa ba, matasan sun haɗa abin da bai haɗu ba. Amma tsoronsu yana da tushe. Ku karanta Farawa 31:15, inda Rahila da Lai'atu suka ce ubansu Laban ya sayar da su ya kuma cinye kuɗin. Shekaru sun wuce, sun haihu, abin bai bar ransu ba.

Bambancin fansa da ciniki a fili yake. Fansa fitar da mutum take daga bauta, ciniki kuwa shigar da shi yake. Bitrus ya ce ba da azurfa ko zinariya aka fanshe mu ba (1 Bitrus 1:18-19). Ran da surukinku ya sami bakin ce wa ƴarku "da kuɗina na kawo ki", hoton ya kife, sau da yawa kuwa sadaki mai nauyi ne ke ba shi wannan baki.

Shawararmu ita ce ku yanka abin da yaron zai biya ba tare da ya ci bashi ba, ba tare da ya sayar da gona ko hatsin ci ba. Bashin biki amarya ce ke biyansa da yunwa a shekarar farko. Abin da aka karɓa ya koma ɗakinta: gado, katifa, tukwane, ko akuya biyu da za su zama nata. A rubuta adadin a gaban shaidu daga kowane ɓangare, kowa ya riƙe takarda.

Jerin abubuwan ma yana da muhimmanci, don yawancin rigima daga sa na baya a gaba take tasowa. Yardar yarinya ce farko. Dangin Rifkatu kiranta suka yi suka tambaye ta ko za ta tafi (Farawa 24:57-58). Ku sa wata dattijuwa ta zumuntar mata ta tambaye ta ita kaɗai, ba a gabanku ba, don kunya ba za ta bari ta musa muku ba. Sai gwajin jini, kafin ko dala ta fita daga hannun kowa: sida, ciwon hanta, da amosanin jini wanda muke ce wa emasi. Idan su biyun AS ne, wato suna ɗauke da irin ciwon emasi amma bai kama su ba, kowane ciki yana da kashi ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS, wato ɗa mai ciwon. Ba wai ɗa ɗaya cikin huɗu ba ne tabbas, kowane ciki lissafinsa daban, ana iya samun biyu a jere. In aka bar gwajin sai bayan lefe, kunyar mayar da kaya kan sa a rufe ido a ci gaba. Bayan haka a sanar da pasto kafin a sa rana, ba bayan an buga katin gayyata ba, don darasin shirin aure da sanarwa a majami'a, wadda yawanci Lahadi uku ake yi, suna son lokaci. A ƙarshe a je mairi, wato ofishin magajin gari, a yi takardar aure da wuri. Ran da mutuwa ta zo aka zauna rabon gādo, wannan takarda ce ke tsaya wa ƴarku da jikokinku.

Wata ƴar'uwa daga wani ƙauye kusa da Gidan Rumji: "Shekara tara muna tare, ƴaƴa huɗu. In mun saɓa maigidana yakan ce Littafi ya ce mata su yi biyayya. In na ƙara magana sai mari, sau biyu har ya shaƙe ni. Bayan kaka yakan rufe rumbu ya tafi, ni da yara mu ci abin gamanata. Da na kai kuka an ce in yi haƙuri, gicciyena ke nan. Haka ne?"

A'a, ƴar'uwa, ba haka ba ne. Wasiƙarki ta taɓa mu ƙwarai, za mu kuma amsa ta ba kwana-kwana.

Akwai gicciye a Afisawa 5, amma a kafaɗar miji aka ɗora shi. Aya ta 25 ta ce maza su ƙaunaci matansu kamar yadda Almasihu ya ƙaunaci ikkilisiya har ya ba da kansa dominta. Ki ƙirga da kanki: aya uku aka yi wa mata, daga 22 zuwa 24, sannan daga 25 har kusan ƙarshen surar da maza ake. Maganar ma ba daga aya ta 22 ta fara ba, daga ta 21 ne, inda aka ce masu bi su yi wa juna biyayya saboda tsoron Almasihu. A wasu daga cikin kwafe mafi tsufa na Helenanci kalmar biyayya ba ta cikin aya ta 22 sam, daga ta 21 ake aro ta. Biyayyar mace gaskiya ce, ba mu share ta ba. Amma da matar ake magana, ita ke bayarwa saboda Ubangiji. Babu aya ko ɗaya da ta ce wa miji ya ƙwato ta da hannu. Abin da aka ce masa shi ne kada ya yi wa matarsa ɗaci (Kolosiyawa 3:19), ya girmama ta don kada addu'arsa ta toshe (1 Bitrus 3:7). Shugaban da aka ce ya yi koyi da shi kuwa, shi ne ya ɗaura mayafi ya wanke ƙafafun almajiransa.

Rumbun ma Littafi ya taɓo shi. Afisawa 5:29 ta ce ba wanda ke ƙin jikinsa, ciyar da shi yake yana kula da shi, haka Almasihu ke yi wa ikkilisiya. 1 Timoti 5:8 ta ce wanda bai kula da iyalinsa ba ya musunci bangaskiya. Gamanarki taimako ce, ba ita ce cimar gida ba.

Abin da ya fi tayar mana da hankali shaƙewar ce. Masu aikin kare mata sun san cewa namijin da ya kai hannu wuya ya fi sauran kusa da kisa. Don haka kada ki jira karo na uku. Ki kwashi yara ki tafi gidan iyayenki ko gidan wani dattijo mai iyali. Yaji ba kisan aure ba ne, 1 Korantiyawa 7:11 ma ta san akwai matar da ke rabuwa da gidan mijinta. In akwai rauni, ko maƙogwaro na ciwo, ko murya ta dushe, ki je likita a duba a ba ki takardar shaida, ki adana ta a wajen wanda kika amince da shi. Ki faɗa wa dattawa biyu da shugabar zumuntar mata tare, ba mutum ɗaya ba, don magana a kunne ɗaya takan mutu a nan. Matiyu 18:15-17 ta ce a fara gargaɗin mai laifi a keɓe, amma inda akwai hatsarin rai ba ke za ki keɓe da shi ba, maza ne za su same shi. Dukan mace kuma laifi ne a dokar ƙasa. Zuwa wurin jandarma ba cin amanar ikkilisiya ba ne, Romawa 13:4 ta kira hukuma baran Allah.

Zai zo biko, wataƙila da goro da baki mai daɗi. Kada a mayar da ke a ranar. Ya amsa laifinsa a gaban shaidu ba tare da "ai ita ce ta jawo" ba. Ya karɓi horon ikkilisiya, ya sauka daga duk wani muƙami. A auna hatsi a gaban dattawa: uwa da yara huɗu ba sa kasa cin tiya ɗaya a rana, buhu mai kilo 100 kuwa tiya 40 ne, bai kai su wata ɗaya da rabi ba. In zai yi wata bakwai a waje, ya bar fiye da buhu biyar a hannunki. A kuma sa wadda za ta riƙa leƙo ki kowane mako tana tambayarki ke kaɗai.

Ku kuma dattawanmu, da girmamawa muke faɗa: haƙuri maganin zaman duniya ne, amma idan kullum wanda aka cuta ake ba shi, mai cutar ba a ce masa komai, ba sulhu aka yi ba. Malakai 2:14 ta ce Ubangiji ne shaida tsakanin mutum da matar ƙuruciyarsa.

Wani magidanci daga Tasawa: "Na yi shekara biyu a Aljeriya ina nema. Da na dawo na tarar matata ta ci amanata. Ta amsa laifinta, kullum kuka take. Dangina sun ce in kore ta, wani dattijo kuma ya ce in karanta Yusha'u. Dole ne in riƙe ta?"

Ɗan'uwa, sannu. Wannan ciwo ne mai zurfi, kada kowa ya sa ka yi kamar ba ka ji ba.

Yusha'u annabi ne a mulkin arewa na Isra'ila, a zamanin Yerobowam na biyu, gab da faɗuwar Samariya a 722 kafin haihuwar Almasihu. Allah ya sa shi ya auri Gomer, ta haifa, ta bi waɗansu maza. A sura ta 3 Allah ya ce ya koma ya ƙaunace ta kamar yadda shi yake ƙaunar Isra'ila. Sai ya sayo ta da shekel 15 na azurfa, wajen giram 170, da sha'ir homer ɗaya da rabi, abin da ya kai kusan buhu biyu masu kilo 100. Masana da yawa suna ganin in aka haɗa kuɗin da hatsin sun kai shekel 30, diyyar bawa a Fitowa 21:32. Mu abin da ke tsaya mana a rai shi ne cikon da ya yi da hatsi, kamar mutumin da kuɗinsa bai kai ba ya shiga rumbu. Wanda aka cuta shi ya biya. Ma'anar fansa ke nan, kuma a sura ta 2 aya ta 16 Allah ya ce ran nan Isra'ila za ta kira shi "mijina", ba "ubangijina" ba.

To, dole ne? Gafara dole ce ga kowane mai bi (Matiyu 18:21-22). Ci gaba da zama kuwa, Yesu ya hana saki amma ya keɓe fasikanci (Matiyu 19:9). Yawancin ikkilisiyoyin bishara suna ɗaukar wannan a matsayin izni, Katolika kuma suna yarda a raba zama amma ba a sake wani aure ba. Ko a wurin masu cewa izni ne, izni ba umarni ba ne. Tun da ta amsa laifi tana kuma tuba, ra'ayinmu shi ne ka gwada hanyar Yusha'u, domin babu inda hoton nan ke fitowa sarai kamar nan.

Amma ka bi ta yadda shi ya bi. A Yusha'u 3:3 bai koma shimfiɗarta a daren ba, ya ce za su zauna kwanaki da yawa. Gafara takan yiwu a rana ɗaya, amana kuwa ginin tubali ce. Kada ka yanke komai cikin wata ukun farko. Ku je gwajin sida da ciwon hanta da tunjere ku biyun, ku maimaita na sida bayan wata uku, don sabon kamu ba ya nunawa nan da nan. In kun kusanci juna kafin nan, da kwaroron roba. Ta yanke hulɗa da mutumin gaba ɗaya, a goge lambar, in ta kama a canza layi. Ku zaɓi dattijo ɗaya da matarsa ku riƙa zama da su duk mako biyu. Kada a kai maganar gaban dangi gaba ɗaya: kai kana iya yafewa, ƴan'uwanka mata ba za su manta ba, su za su riƙa tono ta a kowane suna da biki. In ka ce ka yafe, ka daina ɗauko ta ranar faɗa. Gidajen da suka rushe bayan sulhu yawanci a nan suka rushe.

Sai tambayar da danginka ba za su yi maka ba. A shekara biyun nan, kai ka tsare kanka? Kana aike? Kana kira? Wannan ba ya wanke ta, laifinta nata ne. Amma Markus 10:11-12 mudu ɗaya ta auna wa namiji da mace, 1 Korantiyawa 7:5 kuma ta ce kada ma'aurata su nisanci juna sai da yardar juna, na ɗan lokaci. In akwai abin da za ka furta, ka furta a zaman farko.

Wani ɗan'uwa daga Ali Ɗan Sofo: "Shekara shida ba mu sami haihuwa ba. Mahaifiyata ta ce in ƙara aure ko in sake ta. Ina son matata."

Ka riƙe ta, ɗan'uwa. An kira Adamu da Hawwa'u jiki ɗaya tun ba su haihu ba. Ƴaƴa kyauta ce, alkawari ne ke riƙe aure. Surar nan ta Ishaya 54 da ta kira Allah miji, da bakarariya ta buɗe, aka ce mata ta raira waƙa. Hanyar da Mama ta kawo kuwa an riga an bi ta: dubi gidan Ibrahim bayan Hajaratu (Farawa 16), dubi kukan Hannatu a hannun kishiyarta (1 Sama'ila 1).

Addu'a ba ta hana zuwa asibiti. Shekara ɗaya ba ciki ta isa a fara bincike, ku kun yi shida. Kusan rabin irin wannan matsala akwai hannun namiji a ciki, don haka kai za ka fara, gwajin maniyyi ya fi na mace sauƙi da araha. Ana yinsa bayan kwana uku zuwa biyar ba saduwa. In sakamakon bai yi kyau ba a sake bayan wata uku, don zazzaɓi mai zafi ma kan rage shi na wani lokaci. Ka gaya wa likita in ka taɓa yin ciwon sanyi ko hangum bayan balaga. Ita kuma a duba ko tana sakin ƙwai, a kuma duba bututun mahaifa, wanda ciwon sanyin da ba a yi wa magani sosai ba kan toshe. In al'adarta kwana 28 ce, kwanakin da ciki ya fi shiga suna tsakanin na 10 da na 16, ana ƙirgawa daga ranar da jini ya fara. Ku guji maganin matsi na kasuwa, yana ƙone gaba ya ƙara ɓarna.

Kai ne za ka zauna da Mama, cikin ladabi, ka ce mata maganar a kanka take, kada ta sake kai ta ɗakin matarka. In kuma Allah ya buɗe zuciyarku ga riƙon maraya, Mordekai ma haka ya riƙe Esta.

Wani dattijo daga yankin Dakoro: "Ina da mata biyu tun kafin in ba da gaskiya, kowace da ƴaƴa. An ce hoton miji ɗaya ne da mata ɗaya. In kori ɗaya?"

Baba, sannunku da ƙoƙari. Gaskiya ne tsarin farko mutum biyu ne (Matiyu 19:4-6), shi ya sa mai bi ba ya ƙara aure, shugaban ikkilisiya kuma sai mai mata ɗaya (1 Timoti 3:2). Amma wanda bishara ta tarar da mata biyu, ikkilisiyoyi sun daɗe suna muhawara a kansa. Taron bishop-bishop na Angilika na Lambeth, a Ingila, ya hana yi masa baftisma a 1888, sannan a 1988 ya yarda, muddin ba zai ƙara ba, ba kuma za a tilasta masa korar kowa ba. Dokar Katolika ta ce ya zauna da ɗaya a matsayin mata, ya kuma biya wa sauran bukatunsu bisa adalci. Ikkilisiyoyin bishara kowace da ƙa'idarta a kan baftisma da Jibin Ubangiji, sai ku zauna da pastonku ku ji ta taku.

Abin da ba mu ga hujjarsa ba ko kaɗan shi ne a tura mace titi da ƴaƴa da sunan tsarki. Mai fansa ɗaukar nauyi yake, ba saukewa ba. Fitowa 21:10 ta hana mai mata biyu rage wa ta farko abinci da sutura da hakkinta. Kada ku yanke komai ba tare da kun ji ta bakin su biyun ba, kowace ita kaɗai. Duk abin da aka tsaya a kai, ɗakin kowace ya zama nata, rabon hatsi ya ci gaba, kuɗin lakwal da na magani kada su tsaya. Ku kuma kira ƴaƴanku manya na ɗakunan biyu, da mai gari da dattawa biyu, a rubuta wace gona ce ta wane ɗaki tun kuna da ƙarfinku.